Gawar da Ta Sosa Ƙafa

Juma'a, bayan magariba

Yau na sha rana a kan rufin gidana, kuma ni na kai kaina. Na kunna talabijin da wuri don in tabbatar hoto ya fito tas kafin a fara shirinmu, da lokacinsa ya yi sai ga wani mutum yana koyar da kiwon kifi. Na ce eriya ce ta juya. Na jingina tsani na hau, na murɗa ta gabas, na murɗa ta yamma. Garin waiwaye in ce a duba min hoton, ƙafata ta ture tsanin ya faɗi tsakar gida da ƙarar da ko kurma sai ya ji ta a ƙirjinsa.

Gwamnati tana kicin. Gwamnati matata ce, shekara ashirin da wani abu tana mulki ba a taɓa yin zaɓe ba. Na kira, na sake kira. Ta fito ta zubar da ruwan wanke-wanke, ta tsallake tsanin, tsallakewa fa, ta koma ciki. Kwanon rufi ya gasa ni ta wajen da nake zama.

Tela, maƙwabcina a gida da shago, shi ya hango ni ya zo ya ɗaga tsanin.

"Maigyara, me kake nema a sama, kai da ko a ƙasa ba ka gama da mutane ba?"

Na ce eriya nake gyarawa. Ya ce in sauko, eriya lafiyarta lau, shirin ne aka dakatar. Na ce wa ya gaya masa? Ya ce ji ya yi. A ina? A gari.

Gwamnati ta ce ba ta ji kirana ba.

Asabar, da hantsi, a shago

Tunda a gida babu mai saurarona, bari in gaya wa takarda. Ni da boko mun rabu a aji biyar ba tare da faɗa ba, saboda haka duk inda rubutun ya karkace a yi haƙuri.

A Dawo Da Shi Baya, sunan shirin ke nan. Ban taɓa ganin abin da ya kai shi a talabijin ba, har da ranar da mai karanta labarai ya yi atishawa hularsa ta faɗi. Mutum biyu ne. Alƙali yana zaune bayan tebur da gudumar katako, fuskar nan tasa kamar an aiko masa da mummunan labari. Mai Usur yana gefe a kan benci. Sai a sako fim, irin wanda aka yi da sauri kafin mai kyamara ya karɓi abinsa. Ana cikin kallo sai ka ji fiiit! Mai Usur ya miƙe: "Ranka ya daɗe, a dawo da shi baya!" A dawo da shi, a tafi da shi a hankali, sai ga abin kunya tsirara. An harbi jarumi a kafaɗar dama, ya fito asibiti da bandeji a ta hagu. Sarkin zamanin da yana jawabin yaƙi, agogo na sheƙi a hannunsa. Aljani ya fito daga bango da silifas ɗin wanka. Uwa tana yi wa ɗanta faɗa, ɗan ya girme ta. Alƙali ba ya dariya ko kaɗan, sai dai ya kalli aljanin ya ce, "Bawan Allah, a ina ka saya? Nawa ƙafa biyu?"

Su suka koya min kallo. Kafin su, ido kawai nake da shi.

Tun 'Yar Baba tana zama a cinyata muke kallonsa tare. Ita ce 'yata tilo, yanzu tana kwaleji tana karatun aikin jarida. Har usur ɗin roba na saya mata, ja. Sau da yawa takan riga Mai Usur busawa, in ce wannan idon nawa ne, Gwamnati ta ce Allah ya sa dai ba ta ɗauko bakin ba.

Ƙa'idar shirin ita ce masu kallo ke aika fim. Wanda aka zaɓi nasa, a ƙarshe sai a kira shi a waya, duk gari na ji, Alƙali ya tambaye shi: a bari ko a binne? Na yi shekaru ina aikawa ba a taɓa kirana ba.

Juma'ar makon jiya aka kira ni. Zan rubuta wannan daga baya. An kawo fanka.

Asabar, da yamma

Fankar ba abin da ya same ta, mai ita ne bai biya kuɗin wuta ba.

Lahadi, bayan azahar

To.

Wajen mai tura fina-finai a waya na samo fim ɗin, can bakin kasuwa. Ya ce sabo ne, na wasu yara. Sunayen da suka fito a farko duk da Turanci ne kuma suna gudu, ban tsaya wahalar da kaina ba. Labarin wata uwa ce da ta rasu a asibiti, 'ya'ya sun kewaye gado suna kuka. Gawar na lulluɓe da zanen gado, ciki yana sama yana ƙasa kamar zugazugin maƙeri. Ana tsakiyar kuka sai ƙafa ɗaya ta fito daga zanen ta sosa 'yar'uwarta, ta koma. Na yi dariya har mai turin ya ba ni ruwa. A ranar na aika.

Muna falo mu uku aka sako shi. Na lura babu mai dariya sai ni, na ɗauka mamaki ne ya kama su. Sau uku Mai Usur ya sa aka dawo da ƙafar nan baya. Waya ta yi ƙara, na miƙe tsaye kamar Alƙali yana ganina. Abin da na ce, tunda duk gari ya haddace:

"Ranka ya daɗe, wannan gawar ta fi ni lafiya. Da ganin cikin nan sai da ta ci ta ƙoshi kafin ta mutu. Wanda ya shirya fim ɗin nan a nema masa wata sana'a, ko da sayar da ƙanƙara ce. A binne, a zuba siminti, a sa mai gadi."

Alƙali ya yi dariya. Alƙalin da bai taɓa yi ba! Na juyo ina jiran tafi. 'Yar Baba ta miƙe ta ce, "Sannu da ƙoƙari," ta shige ɗakinta. Gwamnati ta kashe talabijin ta ce, "Fim ɗinta ne. Aikin makarantarsu. Tun kafin damina take fama da shi."

Da safe 'Yar Baba ta ɗauki jaka ta tafi gidan Yaya, yayata da ke bayan asibiti. Ba ta dawo ba.

Abin da nake so in sani, wa ya sa aka dakatar da shirin?

Talata, da safe

Gwamnati ta fita jiya da mayafinta na zuwa unguwa. Ta ce kasuwa. Ta dawo ba ko albasa.

Laraba, bayan la'asar

Na rufe shago na tafi gidan talabijin da ƙafata. Mai gadi ya tare ni a ƙofa. Na ce na zo jin dalilin da ya sa aka tsayar da shirinmu. Ya ce an ce a ce ba a sani ba. Na ce wa ya ce? Ya ce shi ma an ce kada a faɗa.

Ina kallon kujerar da yake kai, sai na gane ta. Kujerar Alƙali ce, har da gurbin da guduma ta taɓa ci a hannunta. Mai gadi ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya yana sakace a kanta.

Ya ƙura min ido. "Kai, muryar nan. Ba kai ne a zuba siminti ba?" Ya kira direbobi biyu su zo su gan ni. Da a watan jiya ne da na tsaya an ɗauki hoto.

A hanya na jera waɗanda nake zargi. Masu yin fim, don an daɗe ana taka su. Mai kiwon kifi, don shi ya ci riba. Gwamnati da mayafinta. Tela, wanda ya san labari tun kafin a yi shi. Akwai mutum ɗaya kuma da ban sa ba.

Juma'a, lokacin shirin

Kifi. Yau yadda ake canza musu ruwa.

Na zauna har ya ƙare. Gefen kujerar da 'Yar Baba take zama ya lotsa daidai ita, ban taɓa lura ba.

Asabar, da yamma

Na je gidan Yaya. Tun a hanya nake bitar abin da zan ce, kalma biyu ce tak ta ban haƙuri, ko aku zai iya.

Yaya ta tare ni a ƙofar falo. "Ka zo da simintin ne ko yana mota?"

"Yaya, don Allah."

"Kai tun kana yaro bakinka ke riga ka shiga ɗaki. Yarinya ta daina zuwa makaranta, ka sani? Tana shiga aji yara suka fara busa mata usur. Ta ce ta bar karatun."

Ban sani ba. Gwamnati ba ta gaya min ba.

'Yar Baba ta fito. Ta durƙusa can nesa ta ce ina wuni, an zo lafiya, ya aiki. Ta kawo ruwa a kofin baƙi, da faranti a ƙarƙashi. Yarinyar da ke fizge min hula ta gudu. Ko sau ɗaya ba ta ce Baba ba, sai ka ce an cire kalmar daga Hausa.

Na gyara murya. Na ce na sake kallon fim ɗin, akwai wurare masu kyau. Ta ɗago kai, wallahi ta ɗago. Ta ce wane wuri? Kalma biyun nan suna kan harshena, sai na ji bakina yana cewa, "Wurin da aka ɗauke wuta."

Yaya ta jefe ni da filo. Ita kuwa ta ɗauki kofin ta shige, ko ruwan ban gama sha ba.

Lahadi, da safe

Ba ni da lafiyar baki. A asibiti kuma haƙori kawai suke dubawa.

Litinin, da rana, a shago

Ba aiki, sai dutsen guga ɗaya da mai shi ya manta da shi. Na ɗauko waya na yi wa fim ɗin irin kallon da aka koya min. In tsayar, in dawo da shi baya, in tafi a hankali.

Rigar likita. Aljihun ƙirji ya karkace hagu, kamar yana jin barci. Mutum ɗaya ne a duniya ke ɗinka aljihu haka, kuma duk rigunana shaida ne.

Na leƙa shagonsa na ajiye masa wayar a kan keke. Ya kalla, ya ci gaba da taka keken.

"Tela, aljihun wa ye wannan?"

"Na likita."

"Kai ka ɗinka."

"An kawo aiki na yi."

"Kullum muna shan shayi tare, ba ka taɓa ce min 'yata na yin fim ba."

Ya tsayar da keken. "Roƙona ta yi kada in faɗa maka."

"Saboda me?"

"Maigyara, a dawo maka da shi baya ne?"

Na dawo shago. Ashe har Yaya ta sani, don labulen asibitin nan na ɗakinta ne. Unguwa guda ta haɗu ta ɓoye wa mutum ɗaya magana, kuma mutumin yana yawo yana cewa ya fi kowa ido.

Litinin, bayan la'asar

Zanen gadon. Shuɗi mai furanni, da ƙunar dutsen guga a gefe. Ni na ƙona shi ranar da nake gwada aikin wani.

Na sake dawo da shi baya, wurin ƙafar. Yatsa na biyu ya hau kan babban. Na san yatsan nan. Shekara ashirin da wani abu yana shurina in na yi minshari.

Ta ci ta ƙoshi, na ce. Duk gari na ji.

Talata, da safe

Ban iya kallon ƙasa ba da Gwamnati ta kawo shayi. Ban iya kallon sama ba. Na kalli bango.

Ta ajiye kofi ta ce, "Ka gano ke nan."

Na ce me?

"Tun jiya kake bin ƙafata da ido kamar mai sayar da takalmi." Ta zauna a hannun kujera. "Sauro ne. Yaran nan duk sun ƙi yin gawa, kowa tsoro yake ji, wai kada abin ya bi shi. Yarinya ta zauna tana kuka. Na ce ni na haife ki, ni zan mutu miki. Ana ta maimaitawa, zafi kamar tanda, sauro ya samu ƙafata. Kafin a sake ɗauka masu kyamara sun zo karɓar abinsu."

Na ce ai cikin ma ba wani babba ba ne, zanen ne ya kumbura.

Ta ce, "Sha shayinka."

Na sha, amma sai da na shinshina.

Alhamis, da yamma

Akwai abin da ake ƙullawa.

Jiya Tela ya shigo shagona da tef a wuya, muna hira sai na ji shi a bayana yana auna ni daga kai zuwa diddige. Na ce ban ba ka ɗinki ba. Ya ce sha'awa ce kawai, yana son sanin tsawon abokinsa.

Yau na dawo na tarar an wanke farin zane an shanya a igiya. Ba mu da farin zane.

Ɗazu Yaya ta kira, ba gaisuwa ba komai, wai har yanzu ina yawan tari? In na kwanta rigingine ina iya daɗewa? Na ce Yaya lafiya? Ta ce tambaya ce.

Gwamnati kuma ta rage min abinci. Ta ce cikina ya yi yawa, zai ɓata abu. Wane abu? Ta ce riga.

Ni dai ban ci na yamma ba. Na ce azumin nafila nake, ta ce da la'asar ka ɗauka?

Juma'a, da safe

In wani abu ya same ni, a binciki Tela. Mai dutsen guga kuma ya zo ya ɗauki abinsa, na gyara.

Juma'a, bayan magariba

Ana cikin kifi aka yi sallama. 'Yar Baba ce. Ba jaka a hannunta, na duba. Yaya na bayanta, Tela na bayan Yaya, Gwamnati ta fito daga kicin tana goge hannu kamar an ba su lokaci. Ashe an ba su.

Ba ta zauna a gurbinta ba. Ta tsaya gaban talabijin ta rage murya, kifaye na ta buɗe baki a bayanta.

Ta ce malaminsu ya kira ta. Gwamnati ce ta je ta same shi ranar mayafi. Ya ce labarin fim ɗin yana da kyau, wurin asibitin ne ya kashe shi. In ta sake ɗaukar wurin, zai karɓa ya ba ta maki, ta ci gaba da karatu. An ba su kyamara ranar Lahadi, yini ɗaya.

Na ce alhamdulillahi, ai sai a yi.

"Mama ta ce ita ta gama mutuwa."

Gwamnati ta ce, "Sau ɗaya ake yi."

"Na canza labarin," in ji 'Yar Baba. "Yanzu uban ne ya rasu." Ta kalle ni, karon farko ido cikin ido. "An ce a nema min wata sana'a. Ni ma na nemo wa wani."

Tela ya juya yana kallon bango, kafaɗunsa na rawa.

Ta jero sharuɗa. Ba motsi. Ba tari. Ciki ba zai ɗaga ba. Ba magana daga shigowa har fita, ko an tsaya hutawa, don ta san ni. Ta sa hannu a aljihu ta fito da usur ɗin roba, jan nan, duk ya koɗe. In na motsa za ta busa, a dawo da shi baya, ko sau nawa ne. In aka gama lafiya, za ta dawo gida ran Litinin ta wuce makaranta daga nan.

Na ce in ba a gama lafiya ba fa?

Yaya ta ce, "Ɗakina yana da faɗi."

Na ce na yarda. Kalma biyun nan suka sake zuwa, na buɗe baki, ta ɗaga hannu ta ce in ajiye su sai bayan aiki, yanzu ba ta san ko wasa ba ne. Da za ta fita na kasa haƙuri, na ce tsakani da Allah, wa ya sa aka tsayar da shirin?

Ta ce, "Gawa ba ta tambaya."

Asabar, da rana, a shago

Na kwanta a kan benci, Tela ya lulluɓe ni da farin zanen don gwaji. Ya ɗora kofin ruwa a cikina, wai in ya zube na faɗi. Ya zube. Karo na biyu ƙuda ya shiga. Karo na uku wata mata ta shigo da fanka, ta saki fankar ta fita da salati. Yanzu dole in gyara ta kyauta.

Da ma Alƙali yana nan ya ga wannan. Ko da yake gara da ba ya nan.

Asabar, bayan la'asar

Tela ya kawo min labarin yadda wurin zai kasance, don kada in firgita. Ya ce yarinyar da ta fito a 'yar mamacin ta ƙi dawowa, ta gaji da tsokana. Darakta da kanta za ta hau wurin.

Na ce to me za ta yi?

Ya ce za ta durƙusa a bakin gado, ta kama hannuna, ta ce, "Baba, tashi. Baba, ni ce, ka yi min magana." Sau uku za ta faɗa.

Tun ranar da ta ɗauki jaka nake jiran ta kira ni da sunan nan. Gobe za ta kira, a kunnena, hannunta cikin nawa. Ni kuma in na amsa, ta tafi ke nan.

Na ce Tela ya sake kawo zanen.